Gida ya rushe kafin a gama biyan kuɗinsa: asarar wa?

Cinikin gida ko na gona a karkara ba ya ƙarewa a zama ɗaya. Mai sayarwa yakan matsu ne a bazara, ga kuɗin taki, ga auren 'ya, ko mara lafiya kwance a asibiti. Mai saye kuwa kuɗinsa na cikin gona, sai kaka ta yi ya kai riɗi ko shinkafa Gujungu ko Maigatari. Sai a haɗu a tsakiya: a ba da kafin alƙalami, ko rabin kuɗin, a ce ragowar sai an yi girbi. Shi mai gidan yakan roƙi a bar shi da iyalinsa su ƙarasa damina a ciki.

Tsakanin ranar sallamawa da ranar cika kuɗi akwai Agusta, kuma wannan shi ne tushen rigimar. Watan marka ne, lokacin da ginin ƙasa ke shan ruwa kwana da kwanaki har gindin katanga ya jiƙe, soro ya yi nauyi, azara ta karye. Garuruwan da ke bin Kogin Haɗeja, daga Wudil zuwa Ringim har Auyo da Haɗeja, suna da ƙarin fargabar ambaliya, musamman idan madatsun Tiga da Challawa suka cika. Dattawan kudancin Kano ba su manta da ɓallewar dam ɗin Bagauda a Agustan 1988 ba, kuma ambaliyar 2022, wadda ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Najeriya, ta kwantar da gidaje masu yawa a Jigawa.

A ɗauka an yi cinikin gida naira miliyan 3 a watan Mayu. An ba da miliyan 2, saura miliyan 1 sai Nuwamba. A tsakiyar Agusta ɗakuna uku da zaure suka zube cikin dare ɗaya, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Abin da za a ji a ƙofar gidan mai unguwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Mai sayarwa zai ce, "Ranka ya daɗe, na sallama a gaban shaidu, har fatiha aka shafa. Gidansa ne ya faɗi, ni cikon kuɗina nake jira." Mai saye zai ce, "Ni gida na saya, ba kango ba. Ko mabuɗi ban taɓa riƙewa ba, shi ne a ciki da iyalinsa." Mai unguwa ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri a raba asarar biyu.

Sulhu alheri ne, ba na musun wannan. Amma sulhun da aka yi ba tare da kowa ya san haƙƙinsa ba, mai ƙarfin baki ko mai ƙarfin aljihu yake yi wa daɗi. Wanda ya san abin da shari'a ta ba shi sannan ya yafe rabi, kyauta ya yi, kuma zai tashi da farin ciki. Wanda bai sani ba aka ce ya bari, zai yi shekaru yana jin an cuce shi, ko da kuwa shi aka yi wa rangwame.

Yawancin mutane suna zaton wanda mabuɗi ke hannunsa shi ne da asara. A mazhabar Imam Malik, wadda alƙalan kotunan shari'ar Musulunci na Kano da Jigawa ke hukunci da ita, ba haka asalin ƙa'idar take ba. Ciniki ingantacce, wanda ya lizimci ɓangarorin biyu, yana mayar da mallaka hannun mai saye tun daga lokacin da aka ce "na sayar" aka ce "na saya". Lamunin abin, wato ɗaukar asararsa idan ya halaka, yana bin mallakar. Muhtasar na Shehu Halil, littafin da alƙalanmu suka fi dogara da shi, ya faɗi haka a gajarce: mai saye yana lamunta da ƙulla ciniki, sannan ya jero abubuwan da aka ware. Hanafawa da Shafi'awa sun saɓa. A wurinsu idan abin sayarwa ya halaka da wani bala'i daga Allah kafin mai saye ya karɓa, ciniki ya warware, mai sayarwa ya mayar da kuɗi. Ashe tunanin mabuɗi da mutanenmu ke yi ba shirme ba ne, yana da manyan malamai a bayansa, sai dai ba shi ne farkon abin da alƙalin Ringim zai buɗe ya karanta ba.

Hujjar Malikawa tana da ƙarfi fiye da yadda take bayyana da farko. Akwai hadisin Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa amfanin abu yana tare da lamuninsa. Mu juya misalin nan. A ce maimakon ruwa, ma'aikatan gwamnati ne suka zo a watan Agusta suka shafa jan fenti a katangar gidan, saboda layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda ya ratsa ta Kazaure, zai bi ta wurin, kuma diyyar da za a biya ta ninka kuɗin cinikin. Wa zai fara rantsuwa cewa ciniki ya ƙullu tun Mayu? Mai saye. Wa zai ce ai ba a gama biya ba, gida nasa ne har yanzu? Mai sayarwa. Kowannensu zai ɗauki maganar da ɗan'uwansa ke yi a yau. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wanda diyya za ta zama tasa da an samu, rushewar ma tasa ce.

Da a nan maganar ta tsaya da an huta. Amma cikin abubuwan da Halil ya ware akwai wanda ya faɗo daidai kan irin cinikin ƙauyukanmu, wato abin da mai sayarwa ya riƙe a hannunsa har sai an cika masa kuɗinsa. Ra'ayin da ya shahara daga Ibnul Ƙasim, babban almajirin Malik, shi ne a ɗauki wannan riƙon kamar jingina. Hukuncin jingina kuwa, abin da ba ya ɓoyuwa, irin gida da gona, idan ya halaka ba da sakacin mai riƙo ba, asarar mai shi ce. A wannan ra'ayin mai saye zai cika miliyan ɗayan nan ya karɓi kangonsa. Wasu manyan malaman mazhabar kuma suka ce a'a, muddin mai sayarwa ya hana abin saboda maslahar kansa, lamuni na wuyansa har ranar da zai miƙa. A wannan ra'ayin ciniki ya warware idan gidan ya tafi gaba ɗaya, idan kuma wani sashe ne ya lalace mai saye na da zaɓi ya karɓa ko ya bari.

Ra'ayi na biyu ya fi kwanta mini a rai a irin yanayinmu. Mutum ya karɓi kashi biyu cikin uku na kuɗi ya yi hidimarsa, ya ci gaba da kwana a ɗakin, ya hana mai saye shiga ko da don ya gyara indararo, sannan gini ya faɗi ya ce asarar wani ce. Amfani duka a hannunsa, lamuni duka a wuyan wani, wannan ya juya wa hadisin da aka kafa ƙa'idar a kansa baya. Amma alƙali ba da abin da ya kwanta wa marubuci a rai zai yi hukunci ba. Zai fara tambaya ne: don me gidan ya zauna a hannun mai sayarwa? Idan riƙe shi ya yi don tsoron kada a cinye masa ciko, hukunci ɗaya ne. Idan kuwa an gama komai, an ce wa mai saye ga gidanka, shi kuma don mutunci ya ce "Baba, ku zauna har ruwa ya ɗauke," to gida ya riga ya shiga hannunsa, tsohon mai gida baƙo ne kawai a ciki, kuma asarar ta mai saye ce ba tare da wata jayayya ba. Haka idan tun wurin ciniki aka yi sharaɗin mai sayarwa zai zauna wata huɗu ko biyar. Sharaɗin ya halatta tunda wa'adin sananne ne, kuma bai hana gidan zama na mai saye ba. Daga waje duk ukun kama ɗaya suke, tsoho ne zaune a zaurensa. Bambancin yana cikin kalmomin da aka furta ranar ciniki, waɗanda shaidu uku za su tuna su ta hanya uku.

Kalmomin nan suna da nauyi ta wata fuskar ma. Ƙa'idar cewa lamuni na bin ƙulla ciniki ta shafi ingantaccen ciniki ne kawai. Ɓataccen ciniki ba ya mayar da lamuni sai mai saye ya karɓi abin a hannunsa, kuma da yawa daga cikin cinikayyar da ake yi a gindin bishiya ɓatattu ne ba tare da kowa ya lura ba. Ɗauki sharaɗin da dillalai ke so: "Idan ka fasa, kafin alƙalaminka ya bi ruwa." Imam Malik ya kawo hani a kan wannan a Muwaɗɗa, mazhabarsa kuma tana ɗaukar cinikin ɓatacce, duk da cewa Hambalawa sun halatta shi. Mai sayarwan da ya kafa wannan sharaɗi don ya ɗaure mai saye, kansa ya ɗaure, domin gida na faɗuwa kafin ya miƙa, asarar tasa ce, kuma kafin alƙalamin zai koma inda ya fito. Wa'adin biya ma haka. "Sai kaka" ko "sai an yi girbi" wa'adi ne sananne a wurin Malik, kowa ya san lokacinsa ko da ya motsa da 'yan kwanaki. "Sai Allah ya hore" ko "sai ɗana ya aiko daga Kudu" ba wa'adi ba ne, kuma yana ɓata ciniki.

Sai wanda ya ce, "Alhaji, na saya, amma ka ba ni mako biyu in shawarci yayana." Wannan cinikin zaɓi ne, wanda malamai suka ba shi har kimanin wata guda idan gida ne, kuma duk abin da ya faru a cikin kwanakin zaɓin yana kan mai sayarwa. Gidan gado kuma, wanda babban wa ya sayar kafin ƙannensa mata su amince, cinikinsa a rataye yake a kan rabonsu har sai sun yarda. Ba za a ce wa mai saye ya ɗauki asarar abin da magada ke da ikon ƙwacewa gobe ba.

Akwai 'yan ƙauyenmu da ke neman kuɗi a Legas ko Fatakwal, waɗanda ke sayen gida ta waya. Dillali ya zagaya da wayarsa ya ɗauki bidiyo, ya tura ta WhatsApp, a yi ciniki, a tura kuɗi ta banki. Fiƙihu ya san wannan tun kafin a ƙirƙiro waya, shi ne sayen abin da ba ya wurin bisa siffantawa. Dabba ko kaya idan aka saye su haka, lamuninsu na kan mai sayarwa har a karɓa. Gida da fili an ware su: suna shiga lamunin mai saye da ƙulla ciniki, matuƙar cinikin ya riske su lafiya. Idan aka yi gardama kan ko bangon ya riga ya faɗi kafin a ce "na saya", kuma babu hujja, asarar tana komawa kan mai sayarwa. Ranar da aka ɗauki bidiyon da sa'ar da kuɗi suka shiga asusu sun zama shaidu, kuma sun fi wasu shaidun ƙwaƙwalwa.

Duk wannan idan ruwa ne kawai ya yi aikinsa. Amma ginin ƙasa ba kasafai yake faɗuwa ba gaira ba dalili. Wanda ya tashi a gidan soro ya san hidimarsa. Kafin ruwan farko ana hawa a duba rufi, a cike inda ya tsage, a sake yaɓe, a buɗe bakin indararo, a tona hanyar da ruwan tsakar gida zai bi ya fita, a tara ƙasa a gindin katanga ta waje. Shekara ɗaya aka tsallake, damina za ta nuna. To wa zai yi wannan aikin a gidan da aka sallama a watan Mayu? Mai sayarwa ba zai kashe kuɗin kwaɓa da magini a gidan da ya san ba nasa ba ne. Mai saye ba zai hau soron gidan da matan wani ke ciki ba. Gidan da ke tsakanin hannu biyu shi ne gidan da ya fi kowane gida a unguwar kusa da faɗuwa, kuma irin wannan faɗuwar ba ƙaddara zalla ba ce. Ko a ra'ayin da ya ɗauki riƙon kamar jingina, mai riƙo yana biya idan ya yi sakaci. Wanda yake kwana a ɗaki yana ganin rufi na ɗiga mako guda, ya sa kwano yana tara, bai gyara ba, bai kuma aika wa mai gidan ba, zai sha wuya ya gamsar da alƙali cewa daga sama abin ya zo.

Wanda ya fi wannan muni shi ne aibin da aka ɓoye. Katanga ta tsage tun bara, ko gara ta cinye azara, sai a kawo magini ya shafe, a bi da farar ƙasa, gida ya fito kamar na amarya ranar da masu saye za su zo gani. Malikawa sun raba aibin gida kashi uku. Ƙarami wanda ba ya rage daraja, ba a kula shi. Matsakaici, irin tsagewar bangon da ba a jin tsoron faɗuwar gidan saboda ita, ana rage wa mai saye kuɗi gwargwadonsa. Babba kuwa yana ba shi damar mayar da gidan. Idan mai sayarwa ya san aibin ya rufe, gidan kuma ya rushe ta dalilin wannan aibin, mai saye zai karɓi kuɗinsa cif, ko da mabuɗi ya daɗe a aljihunsa. Shaidar da ta fi amfani a nan ba ta waɗanda suka shafa fatiha ba ce, ta maginin da aka kira ya yi shafen ce. Idan kuma maƙwabci ne ya toshe magudana ya juyo da ruwa, ko wutar da ya kunna ta tsallako, shi za a bi, kuma wanda lamuni ke kansa a ranar shi ke da haƙƙin bin sa.

Abin mamaki, dokar da muka gada daga Turawan Ingila ta sauka kusan inda Halil ya sauka, ta wata hanya dabam. A shari'ar Paine da Meller ta 1801, gobara ta ci gidan da aka yi cinikinsa kafin a miƙa takardun mallaka, alƙali Lord Eldon ya ce mai saye ne mai gida a idon adalci tun da yarjejeniya ta kammala, saboda haka sai ya biya. Bayan shekara 80 aka yi wata wadda ta fi ta ɗaci. A shari'ar Rayner da Preston ta 1881, mai sayarwa yana da inshorar gobara, gida ya ƙone, kamfani ya biya shi, mai saye kuma ya cika kuɗin gida bai rage ko sisi ba. Da ya nemi a ba shi kuɗin inshorar ya gyara, kotu ta ce ba da shi aka yi yarjejeniyar inshora ba. A 1883 kamfanin inshorar ya koma kotu ya karɓe kuɗinsa daga hannun mai sayarwa, tunda bai yi asarar komai ba. Mai saye ya tashi da toka, kamfani ya tashi da kuɗinsa. Wannan ƙa'ida tana cikin dokokin Ingila da suka shigo mana, kuma ita ake koya wa lauyoyin Najeriya: da zarar an yi musayar takardar yarjejeniya, hatsari ya koma kan mai saye, sai ya yi inshora tun daga ranar. Shawara ce mai kyau ga mai sayen bene a Nasarawa cikin birnin Kano. Ga mai sayen soro a ƙauyen Miga, inda ba a taɓa ganin wakilin inshora ba, ba ta da wani amfani.

A Amurka an ga zafin ƙa'idar, aka tsara wata doka a 1935 wadda wasu jihohi, ciki har da New York da Kalifoniya, suka ɗauka. Ta ce muddin mai saye bai karɓi takardar mallaka ba kuma bai shiga gidan ba, asara ta mai sayarwa ce, kuma mai saye zai karɓi abin da ya bayar. Da ɗayan biyun ya faru, ta koma kansa. Wato sun yi doguwar tafiya sun iso inda Shafi'awa da mutumin ƙauyenmu mai maganar mabuɗi suke tsaye.

Akwai kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta sa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne da amfani, kuma sashe na 21 ya ce ba a sayar da irin wannan haƙƙi na gargajiya sai da amincewar ƙaramar hukuma, sashe na 22 ya ce mai takardar gwamna sai da izinin gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi ba bisa haka ba banza ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da tsananin wannan a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, sannan ta sassauta a 1995 da ta ce yarjejeniyar da aka ƙulla ana jiran izini ba haramtacciya ba ce, ba ta dai kammala ba. A ƙauye hatimin dagaci ake nema, ba wanda ke zuwa sakatariya. Muddin gida na tsaye ba mai tuna wannan doka. Ranar da ya faɗi, wanda asara ta hau kansa yana iya samun lauyan da zai tuna masa da ita, ya ce ai ciniki bai taɓa kammala ba.

Gona tana da nata hukuncin, domin ruwa ba ya cinye ƙasa sai a bakin kogi inda zaizaya ke yanke gaɓa. Abin da ke tafiya shi ne shuka. Idan an sayar da gona shuka ta riga ta fito, shukar ta mai sayarwa ce sai in mai saye ya yi sharaɗin a haɗa masa, kamar yadda hadisin dabinon da aka yi wa barbara ya nuna. Kowa asarar abinsa: gero ya nutse wa mai gero, yashi ya rufe gonar mai gona. Dabam yake da ɗan kasuwar da ya sayi amfanin kawai, irin masu sayen lambun mangwaro yana bisa, ko fadamar tumatir a Kadawa da Kura. Nan hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim ya yi umarnin a sauke wa mai saye abin da annoba ta ci. Malikawa suka ce a 'ya'yan itace sai ɓarnar ta kai sulusi, a kayan lambu irin ganye kuwa ana saukewa ko kaɗan ce. Wanda ya sayi gonar da amfaninta a dunƙule ba ya samun wannan sauƙin.

Idan sulhu ya gagara, hanyar kotu doguwa ce. Za a fara a kotun shari'ar Musulunci ta yankin, alƙali ya yi hukunci da fiƙihun Malik. Wanda bai gamsu ba yakan zaci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a zai nufa, amma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita ikonta ga aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da makamantansu. Kotunan sama sun sha rushe hukuncinta a rigimar cinikin fili saboda rashin hurumi, bayan mutane sun yi shekaru suna zirga-zirga zuwa Dutse ko Kano. Babbar Kotun Jiha ce hanyar. Kafin a kai ƙarshe, kuɗin mota da na lauya sun isa a tayar da ɗakuna ukun da bulo. A cikin duk waɗanda suka halarci cinikin, dillali ne kaɗai ya karɓi la'adarsa tun ranar farko, kuma ba a cika jin an ce ya dawo da ita ba.

Takardar cinikin da ake rubutawa a gaban mai unguwa tana faɗin sunaye, da iyaka gabas da yamma, kudu da arewa, da kuɗin da aka bayar da wanda ya rage, sai sa hannun shaidu. Ba ta faɗin ko ciniki ya ƙullu yau ne ko alkawari ne sai ranar ciko. Ba ta faɗin a matsayin me mai sayarwa zai ci gaba da zama, mai riƙo ne, ko baƙo, ko ɗan haya. Ba ta faɗin wa zai yi yaɓe. Layi uku ne, kuma su ne alƙali zai shafe wata shida yana nema a bakin shaidu. Dalilin barinsu ba jahilci ba ne kawai, kunya ce. Wanda ya ce "to idan gidan ya faɗi fa?" a tsakiyar ciniki, za a ce yana yi wa mutane mugun fata, ko bai yarda da dattijon da ke gabansa ba. Shi ya sa tambayar ta fi dacewa da bakin mai unguwa ko limamin da ke rubutun, wanda ba shi da ko kwabo a ciki, ya yi ta a matsayin abin da ake tambayar kowa.

A dokar boko duk abin da ɓangarorin suka rubuta game da asara shi ke aiki. A fiƙihu ba kowane sharaɗi ke wucewa ba, don haka lafazin yana buƙatar malamin da ya karanci babin ciniki, ba wanda ya iya rubutu kawai ba. Hanya mafi tsabta ga mai sayarwan da ke tsoron a cinye masa ciko ita ce ya miƙa gidan ranar ciniki, ragowar kuɗin ta zama bashi a rubuce zuwa wa'adi sananne, a ba shi jinginar wata gona ko wani mai mutunci ya tsaya. Idan kuma ba shi da inda zai kai iyalinsa sai bayan damina, to a rubuta cewa zaman aro yake yi a gidan mai saye zuwa wata kaza, kuma mai saye na da izinin turo magini ya hau soron kafin ruwan farko ya sauka.